Ƙullin Hagu

Layin 'yan canji yana bakin gada. Shaguna goma sha huɗu ne a jere, kowanne da teburi a ƙofa da akwatin ƙarfe a ciki. Wanda zai haye kogi ya sayo kaya, nan yake ba da kuɗin gida ya karɓi na tsallake. Wanda ya hayo ya sayar da nasa, nan yake mayar da abin da ya samu.

Shago na uku na Mai Zare ne. Shekara arba'in da ɗaya yana zaune a wurin. Bai yi boko ba, ko sunansa bai iya rubutawa ba, amma in ya ɗora damin kuɗi a tafin hannu zai gaya maka an zare takarda biyu. Sauran 'yan canji da roba suke ɗaure kuɗi. Shi da jan zare yake yi. Ya naɗa sau uku, ya ƙulle, ya datse bakin zaren da haƙori. Damin da ke da wannan ƙulli ba a ƙirga shi. Direba ya jefa a aljihu, falke ya biya da shi a tsallake yadda yake, mai karɓa ma ba ya kwancewa. Kowa ya san abin da ƙullin yake nufi: kuɗin cif suke, kuma masu ci ne. In ba haka ba, ka dawo da dami ka karɓi abin da ka bayar. Sau biyu aka taɓa dawo masa da dami. Duka biyun ya biya.

Lokacin da ya fara sana'a, ɗaya na gida biyu yake ba ka na tsallake. Daga baya audugar mutanen tsallake ta rasa kasuwa. Gwamnatinsu ta ci bashi ta kasa biya, sai ta koma buga takarda tana biyan sojoji da ma'aikata. Biyu ta koma goma, goma ta koma sittin. Bana ɗaya na gida ɗari huɗu yake ja. Mutanen can da jakar kuɗi suke zuwa sayen burodi. Amma abin da ya talauta su shi ya raya layin, don kayansu sun yi arha ga mai kuɗin gida. Taki, siminti, mai, kowa haye gada yake yi. Takardar da ake nema ita ce babbarsu, ta dubu hamsin, wadda ake kira Shuɗiya. Rabin dukiyar Mai Zare a Shuɗiya take.

Ɗansa namiji ɗaya ne, Bahago. Shekararsa talatin da huɗu, da mata da 'ya'ya uku da waya biyu a aljihu. Uban ya koya masa ƙullin tun yana saurayi, amma ya kafa masa sharaɗi: ba zai taɓa zaren ba sai yana wurin.

Ran Litinin tsohon ya tafi asibiti a duba masa idon dama, wanda yanar ido ta fara rufewa. Ya bar wa Bahago shago. Bai dawo ba sai bayan azahar. Ya tarar da ɗan a kan kujerarsa, ƙafa kan ƙafa, yana shan lemo.

"Tashi."

Bahago ya tashi yana murmushi. "Baba, buɗe akwati ka gani."

Ya buɗe. Ɓangaren Shuɗiya wayam, ko takarda ɗaya babu. Ɓangaren kuɗin gida ya cika har ƙofa ba ta son rufuwa. Kuɗin da yakan yi sati uku bai ƙare ba, ya tashi a safiya ɗaya.

"A nawa?"

"Ɗari huɗu da ashirin."

"Layi yana ba da ɗari huɗu, kai ka ƙara ashirin. Uwarka ce ta zo saye?"

Kafin Bahago ya amsa, rediyon mai shayi ta ɗaga murya a tsallaken titi. Wani ya yi ihu a yi shiru. Gwamnatin tsallake ce ke sanarwa. Daga ƙarfe goma sha biyun ranar nan Shuɗiya ta daina aiki. Za a fito da sabuwa. Ɗan ƙasa mai katin shaida ne kaɗai zai canza tsohuwa a banki, shi ma ba ya wuce takarda ashirin. Baƙo kuwa babu maganarsa.

Layi ya ɗauke wuta. Sai aka ji wani ɗan canji a shago na tara ya fashe da kuka kamar mace.

Mai Zare ya juya a hankali.

"Yaushe ka ji?"

"Jiya da yamma. Abokina na banki."

"Wa ka sayar wa?"

"Dogo mai albasa ya kwashi fiye da rabi. Sai mata masu kifi, sai direbobi. Baba, da ban sayar ba mu ne za mu ƙone. Shekara arba'in ɗinka ce na tsamo daga ruwa."

"Da me ka ɗaure?"

Bahago ya dubi ƙasa.

Tsohon ya ja aljihun teburi. Dunƙulen zaren da ya bari cike da safe ya ragu rabi. Ya ɗaga hannu ya kife ɗan da mari. Kwalbar lemo ta faɗi ta fashe.

"Ba wanda zai tsaya ƙirge in ya ga zaren," in ji Bahago, yana riƙe da kunci. "Sauri nake yi."

Daga kan gada aka fara jin hayaniya. Mai Zare ya leƙa da idonsa mai kyau. Mutane ne ke dawowa a ƙafa, sun fi ɗari biyu, da gudu-gudu. Ya ga sanduna, ya ga itacen bencin da aka ɓalle. Ƙofofin layi suka fara rufuwa ɗaya bayan ɗaya, ƙarfe na dukan ƙarfe.

A bayan shagon akwai wani ɗan ɗaki da ba shi da taga, inda ake ajiye buhuna. Ƙofarsa ta ƙarfe ce. Tsohon ya damƙi wuyan rigar ɗansa, ya tura shi ciki, ya kulle, ya sa makulli cikin takalminsa ya taka. Bai rufe ƙofar shago ba. Ya fito ya zauna a teburinsa kamar kullum.

Sun fara da shago na ɗaya. Suka tumɓuke rumfar, suka ja yaron shagon mai gemu a ƙasa har bakin kwata, suka bar shi yana tarin jini. Na biyu suka farfasa masa gilashi. Amma ba su tsaya ba, don sun san inda za su.

Dogo ne a gaba. Mutum ne mai tsawo, mai sanyin magana, wanda shekara goma sha biyar yake canji a teburin nan. Kuɗin da ya kawo da safe ba nasa ba ne shi kaɗai. Na manoma hamsin da uku ne na ƙauyensu, sun sayar da albasa sun haɗa a sayo musu taki, ga damina ta kusa. Yanzu goshinsa a tsage yake, jini ya bushe a gefen fuskarsa. A ma'ajin taki ya miƙa Shuɗiya aka yi masa dariya. Da ya ɗaga murya, soja ya amsa masa da gindin bindiga.

Ya sauke buhu daga kafaɗa ya zazzage a kan teburi. Dammai suka zubo, kowanne da jan zare.

"Baba, ina ɗanka?"

"Ba ya nan."

"Ƙarya ne!" Wannan Birki ne, direban babbar mota, mai gajeren wuya, mai jan ido. A hannunsa ɗaya ƙarfen kwance taya, a ɗayan jarkar mai. "Na ga shegen da idona bayan azahar yana shan lemo. Lemon jininmu!"

Wata mai kifi ta kutsa ta jefa wa tsohon dami a ƙirji. "Ya ce mini, Inna, yau ranar sa'arki ce, na ƙara miki ashirin. Har addu'a na yi masa! Allah ya isa tsakanina da zuri'arku!"

Dutse ya zo daga baya ya fasa agogon bango. Wani ya biyo ya sami tsohon a kafaɗa. Bai motsa ba.

Sai Gajere ya ratso. Shi ne shugaban layi, mai shago na bakwai, sa'an Mai Zare ne, tare suka fara da tabarma kafin a gina shaguna. Ya hau benci yana ɗaga hannuwa.

"Jama'a, ku saurara! Don girman Allah minti ɗaya!" Ya ɗauki dami daga teburi, ya juya shi, ya kai kusa da ido. Ya ɗauki wani. Sannan ya ɗaga shi sama. "Ku duba nan. Duk wanda ya taɓa riƙe damin tsohon nan ya san ƙullinsa dama yake kwantawa. Wannan hagu ya kwanta. Dukansu hagu ne. Mutumin nan tun asuba yana asibiti, ni na sa shi a mota. Ba shi da hannu a ciki, layi ma ba shi da hannu. Mutum ɗaya ne ya cuce ku, kuma kun san shi."

Ya sunkuyo ya rage murya. "Yaya, faɗi gaskiya kawai. Ka ce ba naka ba ne. Ba ka taɓa ƙarya a teburin nan ba, za su yarda. Sunanka ya tsira, layi ya tsira. In ba haka ba duk ƙone mu za su yi."

"Yaron fa?" in ji tsohon.

Gajere ya kalli Birki, ya kalli wasu samari biyu da suka garo tsohuwar taya daga tashar mota.

Mai Zare ya karɓi damin. Ko da yake akwai yana a idonsa, ba ya bukatar gani. Babban yatsansa ya bi zaren ya ji inda ƙullin ya karkace. Ya tuna ranar da ya koya wa Bahago ƙullin, yadda ya yi ta bugun hannun hagun da rula, hannun ya ƙi ji.

"Ƙullina ne."

"Haba Yaya!"

"Jiya na ɗaure su. Ni na ji labari, ni na ce ya sayar. Aike ne kawai."

"Yaushe ka zama bahago?"

"Ka sauka daga bencina."

Gajere ya sauka. Ya bi ta gefe ya ɓace.

Sandar farko ta sami tsohon a gefen kai, hula ta tashi. Aka kifar da teburi da shi. Ya faɗi a kan fasassun kwalba. Ƙafafu suka rufe shi, takalman roba da na fata, a haƙarƙari, a baya, a ciki. Wani ya taka masa fuska ya ji haƙori ya karye a bakinsa. Ya dunƙule, ya maƙale ƙafar da ke da makulli a ƙarƙashinsa. Bai yi ihu ba. Da suka ɗan ja baya don numfashi, ya tofar da jini, ya dafa ƙasa.

"Kun gama?" Muryarsa ta fito a shaƙe. "In kun gama ku yi layi. Mai dami da jan zare ya kawo, ya karɓi abin da ya bayar."

Suka tsaya suna kallonsa. Ya ja jiki zuwa cikin shago, ya buɗe akwati, ya zauna a ƙasa a gabansa. Dogo ya tsaya a bakin ƙofa ya ware hannuwa.

"Mata su fara," ya ce. "Wanda ya tura wani zan karya shi."

Haka aka yi. Dami ya shigo, kuɗin gida ya fita. Tsohon yana lissafi da ka, jini na ɗiga a kan takardu. Mai kifin da ta tsine masa ta karɓi nata, ta ƙirga sau biyu a gabansa, ta tafi. Wannan ƙirgen ya fi masa dukan zafi. Wasu suka kawo dammai na satin jiya, na watan jiya, masu ƙullin dama. Ya biya. Wani ya kawo mai roba, ya tura masa abinsa da ƙafa.

Da la'asar akwati ya kai ƙasa. Ya shafa ciki ya ji ƙarfe. Lissafinsa ya ce da sauran kuɗi. Sai ya gane abokin banki bai ba da labari kyauta ba, an riga an tura masa rabonsa. Dogo da ya bar kowa ya wuce gabansa, dami goma sha ɗaya ne suka rage a buhunsa ba a biya ba. Birki yana da biyu.

"Babu," in ji Mai Zare. "Gobe."

"Gobe uwar wa?" in ji Birki.

A daidai lokacin waya ta yi ƙara a bayan ƙofar ƙarfe. Ta yi sau biyu aka kashe ta. Sai waya ta biyu ta fara ƙara.

Birki ya yi dariya, irin wadda ba daɗi a cikinta. "Ashe ɓeran yana rami." Ya doki ƙofar da ƙarfensa har fenti ya zubo. "Fito, ango! Fito ka ƙara mana ashirin!" Aka ji wani abu ya faɗi a ciki. Samari suka turo taya har cikin shago. Birki ya buɗe jarka ya fara kwarara mai a ƙarƙashin ƙofa.

Tsohon ya ja jikinsa ya jingina bayansa da ƙofar. Man ya jiƙa masa wando, ya hau riga. Warin ya cika shagon.

"Matsa, tsoho."

"Kunna."

"Wallahi zan kunna."

"Na ji. Kunna."

Birki ya ciro ashana. Dogo ya kama wuyan hannunsa ya murɗa har kwalin ya faɗi, ya take shi. Sannan ya tsuguna a gaban tsohon, fuska da fuska.

"Baba, mutum hamsin da uku ke jirana. Me zan ce musu?"

"Gidana. Ɗaki shida, da rijiya. Ya fi kuɗin dami goma sha uku. Takarda tana wurin tsohuwata. Gobe da safe, a gaban shaidu."

"Na yarda. Maganarka ce." Dogo ya waiwaya ya dubi mutanen da suka cika ƙofa da titi. Idanunsu ba su huce ba. Da yawa an biya su, amma ba su tafi ba. "Sai dai waɗannan ba gida suke jira ba. An doke mu a can kamar jakuna, an yi mana dariya. Ba za su watse ba sai sun ga hannun da ya ƙulla." Ya rage murya sosai. "Na san ba kai ba ne. Ba ni makulli. Hannunsa kawai, na yi maka alkawari ba za su kashe shi ba."

Mai Zare ya dubi tayar, ya dubi man da ke kwance a ƙasa, ya dubi Birki.

"Ba za ka iya riƙe su ba."

Dogo bai musa ba.

"Ɗago teburin," in ji tsohon.

Aka tayar da teburi a ƙofar shago, inda kowa zai gani. Mutum biyu suka ɗaga tsohon. Ya ture su, ya tsaya da ƙafarsa. Ya naɗe hannun riga, ya shimfiɗa hannun dama a kan katakon da ya ci shekara arba'in da ɗaya yana shafawa, ya ware yatsu.

"Wannan ne," ya ce da ƙarfi. "Ku gani da kyau."

Dogo ya karɓi ƙarfen daga hannun Birki. Ya daɗe yana riƙe da shi. Sannan ya ɗaga da hannu biyu ya sauke.

Ƙarar ta kai har bakin gada. Tsohon ya durƙushe, goshinsa ya bugi gefen teburi. Wani sauti ya fita daga maƙogwaronsa, sau ɗaya. Yatsu uku sun kwanta inda yatsa ba ya kwanciya. Wata mata ta yi salati ta rufe fuska. Na baya suka fara zamewa. Dogo ya yar da ƙarfen, ya ɗauki buhunsa, ya ratsa mutane bai kalli kowa ba. Birki ya bi shi, ya manta da jarkarsa.

'Yan sanda sun iso bayan an watse. Suka harba hayaki a titin da ba kowa.

Gajere ne ya dawo ya cire wa tsohon takalmi, ya ɗauki makulli, ya buɗe ƙofar. Bahago ya fito a jiƙe da gumi, wandonsa na warin fitsari. Ya ga teburin, ya ga hannun, ya buɗe baki.

"Rufe," in ji uban. "Nemo mota."

Kafin magariba an dawo da shi gida, hannu a naɗe har gwiwa. Likita ya ce yatsa biyu ba za su ƙara lanƙwasuwa ba. Tsohuwa ta shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, ta zauna gefe tana fifita gawayi a kurfoti don ruwan zafi. Ba ta yi kuka ba. Ta riga ta ciro takardar gida daga ƙasan akwatinta ta ajiye masa a kan matashi. Surukarsa ta kwashe yara ta shige ɗaki.

Bahago ya durƙusa a bakin tabarma. "Baba, ka yafe mini. Zan nemo abokin nan, zan karɓo kuɗin. Zan mayar maka da komai."

"Kawo zaren."

Ɗan ya tashi da sauri. Ya ɗauko ragowar dunƙulen daga aljihun rigar da aka cire wa uban, ya miƙa da hannu biyu. Ya tsaya yana jira, hannunsa na hagu a buɗe.

Mai Zare ya karɓa da hagu. Ya juya shi sau ɗaya a tafinsa. Ya miƙa hannu ya sake shi cikin garwashi. Zaren ya yi hayaƙi, ya kama, ya yi baƙi.

"Gobe za ka buɗe shago," ya ce. "Gajere zai ba ka jari, na yi masa magana. Da roba za ka ɗaure. Kowa ya zo zai kwance, ya ƙirga a gabanka, takarda ɗaya-ɗaya. Za ka zauna ka kalle shi. Haka har ka mutu."

"Baba..."

"Tsohuwa, ruwan ya yi?"

Washegari da hantsi aka sa hannu a takardar gida. Tsohon ya dangwala babban yatsan hagu. Daga nan ya sa aka kai shi layi, aka ajiye masa kujera a cikin shago, can baya kusa da ƙofar ƙarfe, inda har yanzu warin mai bai fita ba. Bahago yana teburi. Sabbin takardun tsallake sun fara shigowa, ruwan ƙasa, ɗaya na gida a kan huɗu.

Mai kifin nan ce ta fara zuwa. Ta gaida tsohon daga nesa, ya ɗaga mata kai. Bahago ya miƙa mata dami. Ta cire robar ta sa a wuyan hannu, ta lashi yatsa, ta fara. Da ta kai ƙarshe ta dube shi, ta juya damin, ta sake daga farko.